Ƙibar da Ba ta Abinci Ba: Yadda Kwamfuta Ke Miƙe Hoto a Shagunan Dalijan da Kalgo

Duk wanda ya saba shiga gidajen kallon ƙwallo a garuruwan Gwandu da Kalgo ya san wani abu da ido ya daina lura da shi saboda sabo. A wasu akwatunan, da'irar tsakiyar fili ta baje hagu da dama. 'Yan wasan da aka sani dogaye sirara sun koma gajeru masu faɗin ƙirji. Ba wanda ke cewa a maido masa da kuɗinsa, tunda dai ana ganin wanda ya ci da wanda aka ci. To amma a shagon kwamfuta, inda ake tsara katin gayyatar ɗaurin aure, a wanke hoton fasfo, a cike wa ɗalibai fam ɗin jarrabawa, irin wannan bajewar tana cin takarda, tana cin tawada, wani lokaci har ciniki take ci.

Lissafin ba mai wuya ba ne. Hoton da ke fuskar kwamfuta tarin ƙananan ɗigo ne da aka jera layi-layi. Idan kwamfuta ta zana hoto mai ɗigo 1024 a kwance da 768 a tsaye, aka kuma tilasta masa ya cika monita mai ɗigo 1366 a kwance da 768 a tsaye, tsayinsa bai canja ba, faɗinsa ne ya ƙaru da kashi ɗaya bisa uku. Amarya ta ƙara kashi 33 cikin 100 na faɗin fuska ba tare da ta kai loma baki ba. Tambarin makaranta mai zagaye ya kwanta. Mai shagon da bai san dalili ba, sai ya kama gefen hoton ya matse shi har ya yi daidai a idonsa, ya tura wa firinta. Ita kuwa firinta ba ruwanta da abin da monita ta nuna, ainihin awon take bugawa. Sai amaryar ta fito a takarda a rame, fuska a zuƙe, a shiga neman wanda za a ɗora wa laifi.

Galibi monitar ake ɗora wa. Sau da yawa kuma lafiyarta ƙalau.

Dalijan, ɗaya daga cikin mazaɓun ƙaramar hukumar Gwandu a jihar Kebbi, gari ne na manoma, amma harkar karatu ta kewaye shi. Akwai jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero tun 2006, ga Kwalejin Waziri Umaru a Birnin Kebbi, ga kuma Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da aka kafa a 2013, wadda mazauninta ke kan hanyar Kalgo zuwa Bunza. Duk ɗalibin da ke son shiga ɗaya daga cikinsu sai ya bi ta gaban monita, domin tun 2015 hukumar JAMB ta daina jarrabawar fensir da takarda. Rajistar lambar NIN, neman aiki, duba sakamako, duk ta can ake bi. Abin da ya sa ke nan zancen da a wasu ƙasashe ya zama na masu wasan gem, a nan ya zama na neman abinci.

Kaya uku, zamani uku

Idan aka leƙa bayan teburin irin waɗannan shaguna, da wuya a tarar da kwamfuta da monita da wayar da ke haɗa su sun fito daga kwali ɗaya. Kwamfutar tana iya zama Dell ko HP da wani ofishi a Jamus ya yi ritaya da ita. Monitar wata ce dabam da aka tsinto a tarin gwanjo. Wayar kuwa sabuwa ce, mafi araha a kasuwa. Kayan sukan sauka a tashoshin ruwa na Legas, su bi ta Computer Village a Ikeja ko kasuwar Alaba, su hauro Kano ko Sakkwato, kafin su iso Birnin Kebbi. Wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2018 ya ƙiyasta cewa a 2015 da 2016 ana shigo da kimanin tan 60,000 na kayan lantarki na hannu Najeriya kowace shekara, kusan kashi 77 cikin 100 daga tashoshin Tarayyar Turai, mafi yawansu kuma a cushe cikin motocin Beljiyom.

Kowane ɗaya daga cikin kayan nan da zamanin da aka haife shi. Kamfanin IBM ya fito da VGA a 1987 da ɗigo 640 sau 480, kuma shuɗin kan nan mai allura 15 da har yau ake murɗa wa kusoshi biyu, na wancan lokacin ne. A 1990 aka samu 1024 sau 768. Duka biyun siffarsu huɗu bisa uku ce, wato ta tsohuwar talabijin, wadda ita ma ta gaje ta daga fim ɗin sinima na farko. Daga baya aka cika ofisoshin duniya da monita mai inci 17 da 19 mai ɗigo 1280 sau 1024, siffar biyar bisa huɗu, wadda ta kusa zama murabba'i. Sannan faffaɗar siffa ta 16 bisa 9, wadda injiniya Kerns Powers ya ba da shawararta a 1984 domin talabijin, ta zo ta share kowa. A 2012 kamfanin ƙididdiga na StatCounter ya sanar cewa 1366 sau 768 ta ture 1024 sau 768 daga matsayin wadda aka fi amfani da ita a duniya.

A Turai an bi waɗannan matakai ɗaya bayan ɗaya. A kasuwar gwanjo duk sun iso rana ɗaya.

Tsohuwar monita mai ƙeya ba ta da wannan damuwar sosai. Tsinken lantarki ne ke sharar gilashinta daga hagu zuwa dama, layi bayan layi, kuma idan aka ce ta zana layi 600 maimakon 768, sai ta buɗa tazarar kawai. Ita siririyar monita ta LCD ba haka take ba. An ƙera ta da ƙididdigaggun gidaje, kowane gida ɗigo ɗaya, ba ƙari ba ragi. Mai ɗinkin hula ya san wannan matsalar: zanen da aka ƙirga wa rami 100, idan aka kawo ƙyalle mai rami 133, ko dai a bar fili a gefe, ko a riƙa ƙara zare nan da can har zanen ya karkace. Haka LCD take. Awo ɗaya tak ne hoto ke zama daram a kanta, wanda aka ƙera ta da shi. Duk wani awo dabam, sai wani ya zauna ya yi ƙari.

Wannan wanin shi ne jigon zancen, domin mutum biyu ne ke iya yin aikin. Na farko wani ƙaramin guntu ne a cikin monitar kanta. Kwamfuta ta turo ƙaramin hoto yadda yake, shi ya karɓa ya ja shi ya cika fuska. A monitoci masu araha wannan guntun abu ɗaya ya iya, cikawa, ko siffa ta lalace ko ba ta lalace ba. Na biyu shi ne katin hoto na cikin kwamfuta, na Intel ne, na AMD ne ko na Nvidia. Idan aka ba shi aikin, shi zai ɗauki ƙaramin hoton, ya shimfiɗa shi a kan cikakken awon monitar, ya tura mata a gyare. Monitar ba za ta ma san an yi wani abu ba, a wurinta awonta na gado aka kawo mata. Yawancin laftof ba su da guntun farko kwata-kwata, katin hoto ne ke yin komai.

Amfanin miƙa wa katin hoto ragama shi ne yana ba da zaɓi. Yana iya cika fuska baki ɗaya, wanda shi ne tushen ƙibar da aka fara da ita. Yana iya ajiye hoton a tsakiya da ainihin ɗigonsa, baƙi ya zagaye shi. Yana kuma iya girmama shi iya yadda zai yiwu ba tare da taɓa siffarsa ba. A misalin 1024 a kan 1366, wannan na nufin baƙin shafi mai faɗin ɗigo 171 a hagu, wani 171 a dama.

A nan ne fasaha ke karo da ɗabi'a. Mutane ba sa son baƙin shafin nan. Wanda ya biya kuɗin inci 32 yana son ya ga inci 32 na aiki, kuma mai gidan kallon da ya bar baƙi a gefe zai sha tambaya ko akwatin ya fara lalacewa ne. Ana iya fahimtar hakan. Sai dai baƙin shafin ba ya rage komai daga hoton, cikawar ce ke yi masa ƙarya, kuma wanda sana'arsa ta rataya a kan awo, mai tsara kati ne ko mai zana taswirar gini, ba shi da uzurin zaɓen cikawa.

Allura biyu da direba ɗaya

Me ya sa tun farko kwamfuta za ta tura 1024 ga monitar da ke son 1366? Ai ya kamata su fahimci juna. An yi tanadin hakan tun 1994, lokacin da ƙungiyar VESA ta fito da tsarin EDID. Kowace monita tana ɗauke da ɗan taƙaitaccen bayani, bayit 128 a asalinsa, mai faɗin sunanta, wanda ya ƙera ta, da awon da take so. Da an jona waya kwamfuta ke karanta shi. A wayar VGA, allura ta 12 da ta 15 ne ke ɗauke da wannan saƙon. Akwai wayoyi masu araha da ba a haɗa waɗannan biyun ba sam, akwai kuma waɗanda allurar ta lanƙwashe wajen cirewa da sakawa. Hoto zai fito, tunda nasa allurai dabam ne, amma kwamfutar ta zama makauniya game da abin da ke gabanta. Windows sai ta rubuta Generic Non-PnP Monitor, ta koma wa awon da ta tabbata kowace monita za ta karɓa. An sha canja monita a kan matsalar da wayar 'yan ɗaruruwan naira za ta magance.

Hanya ta biyu ta fi yawa. An kai kwamfuta wurin mai gyara, ya yi mata fomatin, ya ɗora sabuwar Windows, amma bai sa direban katin hoto ba, ko don data ta yi tsada, ko don sabis ya ƙi, ko don katin ya tsufa har kamfaninsa ya daina kula shi. Kwamfutar za ta tashi da direban wucin gadi mai suna Microsoft Basic Display Adapter. Wannan ya iya nuna hoto, amma sau da yawa bai san awon monitar ba, kuma ba shi da shafin da ake zaɓen yadda za a miƙe hoto. Mai ita zai dawo gida yana cewa tunda aka yi mata aiki komai ya zama manya-manya.

Sai kuma ƙananan na'urorin da ke juya HDMI zuwa VGA, da masu raba hoto ɗaya zuwa akwatuna uku ko huɗu, waɗanda gidajen kallo ba sa rabuwa da su. Na'urar rabawa bayanin akwati ɗaya take miƙa wa dikoda, ko wanda aka ƙera ta da shi. Sauran akwatunan kowa ya ji da kansa. Idan kuma aka bar dikoda a kan huɗu bisa uku, aka jona ta da wayar nan mai kai uku, rawaya da fari da ja, sannan faffaɗar talabijin ta ja hoton ya cika ta, an samu gajerun 'yan wasa. Gyaran bai wuce danna rimot sau biyar ba.

Akwai wata lamba da ta cancanci a tsaya a kanta, domin ita ce a kan mafi yawan laftof na hannu da ƙananan talabijin da ke yankin: 1366. Idan aka ninka 768 da 16 aka raba da 9, abin da ke fitowa 1365 ne da sulusi. Ba a iya ƙera sulusin ɗigo, sai aka cike zuwa 1366. Matsalar ita ce tsofaffin ƙa'idojin aika hoto suna ƙirga faɗi takwas-takwas, 1366 kuwa ba ta rabuwa da 8. Mafi kusa su ne 1360 da 1368. Shi ya sa talabijin da yawa ke gaya wa kwamfuta 1360 sau 768, alhali gilashinta 1366 ne. Ɗigo 6 kacal ne bambancin, amma idan guntun talabijin ya ce sai ya raba 1360 a gidaje 1366, kusan kowane ɗigo sai ya ɗan zame daga gidansa, rubutu ya yi hazo-hazo. Gara a ce ya bar ɗigo 3 baƙi a kowane gefe, wanda ba idon da zai gani.

Abin ya fi muni idan aka mayar da talabijin monita, kamar yadda shaguna da makarantun koyon kwamfuta ke yi saboda inci 32 na talabijin ya fi araha. Da yawansu suna karɓar 1920 sau 1080, har ma su ce shi suka fi so, amma gilashinsu 1366 sau 768 ne. Wato ɗigo 2,073,600 ake turowa, gidaje 1,049,088 ke jira. Rabin bayanin zubar da shi ake yi. A fim ba a lura, amma a rubutun Word ko jadawalin Excel ido ne ke biya. Ƙari a kan haka, talabijin ta gaji wata al'ada daga zamanin mai ƙeya, ta yanke 'yan kashi kaɗan daga kowane gefe. Sai layin ƙasa na Windows ya ɓace, agogo ya shige cikin firam. LG na kiran maganin wannan Just Scan, Samsung kuma Screen Fit, suna nan cikin saitin hoto.

Idan awon da ake buƙata ba ya cikin jerin da Windows ta bayar, nan ake ƙirƙirar na kai. Manhajojin Nvidia da AMD suna da wurin yin hakan, wasu direbobin Intel ma haka. Akwai wata manhaja ta kyauta, Custom Resolution Utility, wadda ke rubuta wa Windows sabon bayanin monita ba tare da taɓa monitar ba. Masu Linux kuwa suna da xrandr. Amma wajibi ne mai yi ya san wa ya ba aikin miƙewa. Idan katin hoto ne, sabon awon ba ya fita daga cikin kwamfuta, katin zai mayar da shi awon gado kafin ya tura, saboda haka ba abin da monitar za ta ƙi. Idan kuwa monitar aka bar wa, to sabon awon zai bi waya da gaske, da saurin bugunsa da komai. Hoton 1024 sau 768 mai sabuntawa sau 60 a daƙiƙa yana tafiya da bugu miliyan 65 a daƙiƙa, na 1920 sau 1080 kuma miliyan 148.5. Aka wuce abin da monitar ta iya, sai fuska ta yi baƙi, ta rubuta Out of Range. Wanda ya sani ba ya firgita: Windows na jiran daƙiƙa 15, idan ba a amince ba ta koma inda take. Wanda bai sani ba yakan zare wuta, ya ɗauki kaya zuwa Birnin Kebbi.

Wannan bambancin yana da wani sakamako da ke rikita masu gwaji. Mutum zai ƙirƙiri awo, ya duba bayanin da monitar ke nunawa, ya ga har yanzu tsohon awo take faɗa, ya ɗauka aikin bai yi ba. Ya yi. Katin ne ya riga ya gama gyaran kafin hoton ya iso gare ta.

Ƙugiya da ɗigon harafi

Hazon rubutu ba ƙaramin abu ba ne ga mai karanta Hausa. Tsakanin k da ƙ, ko d da ɗ, 'yar ƙugiya ce da a ƙaramin rubutu ba ta wuce ɗigo biyu ko uku ba. Hoto ya zame da rabin ɗigo, ƙugiyar ta narke. A Larabci da ajami abin ya fi tsanani, kuma wannan ƙasar Gwandu ce, inda Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna ya bar littattafai irin su Diya'ut Ta'wili, inda kuma hubbarensa yake. A rubutun da malaman yankin suka gada daga Magariba, fa'un ɗigo ɗaya ne a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. Ɗalibin da ke duba hoton tsohon rubutun hannu a monitar da ke shafe ɗigo, ko mai buga wa makarantar Islamiyya takardar jarrabawa, yana bukatar kowane ɗigo ya zauna a gidansa. Ita ma dabarar ClearType da Windows ke amfani da ita wajen kaifafa haruffa, tana aiki ne da ja da kore da shuɗin da ke cikin kowane ɗigo, don haka da an bar awon gado amfaninta ya tafi.

Dattawa da masu raunin ido sukan faɗa wani tarko a nan. Rubutu ya yi ƙanana, sai wani yaro ya rage musu awon fuska zuwa 800 sau 600. Haruffa sun girma, gaskiya ne, amma sun yi dishi-dishi, idon da ake son hutarwa ya ƙara wahala. Windows tana da wani saiti dabam a shafi guda, na girman rubutu da gumaka, kashi 125 ko 150 cikin 100. Shi yana sake zana haruffan da girma a kan cikakken awon monitar, su fito manya kuma tas.

Ga masu shirin jarrabawa kuwa, ƙaramin awo yana ɓoye abubuwa. Shafin da aka tsara don tsayin ɗigo 768, idan aka buɗe shi a ƙaramar laftof mai 1024 sau 600, maɓallin ƙasa ya faɗa waje. Yaron da ya fara taɓa linzamin kwamfuta makonni kaɗan kafin jarrabawa ba lalle ya san ana gangarawa ba. JAMB ta sauƙaƙa wannan da barin a yi amfani da haruffan kibod, A zuwa D don amsa, N don gaba, P don baya. Amma zane a tambayar lissafi ba shi da irin wannan mafita. Murabba'in da aka miƙe ya daina zama murabba'i, kusurwa mai digiri 45 ta kwanta ƙasa da haka, kuma ɗalibin da ya yi atisaye wata biyu a kan irin wannan monita ya saba wa idonsa da siffar da ba ita ba. Kusan mutum miliyan 2 ke zana jarrabawar a shekara, WAEC ma ta fara gwada kwamfuta a 2024 da masu zana ta ƙashin kansu.

Sabon ido da miƙaƙƙen hoto yana da tarihi. Najeriya ta yi amfani da tsarin PAL, mai layi 576 da ake gani. Finafinan Hausa da suka biyo bayan Turmin Danya na 1990 a kaset suka fara yawo, sannan suka koma faifan VCD mai ɗigo 352 sau 288. Duk a siffar huɗu bisa uku aka ɗauke su. Yau idan aka kunna irin wannan a talabijin mai 1920 sau 1080 aka cika fuska, kowane ɗigo na asali sai ya rufe gidaje wajen 20, jaruman kuma duk su yi kumari. Akwai matasan da ba su taɓa ganin tsofaffin taurarin Kannywood da ainihin jikinsu ba.

Abin dariyar shi ne, a wani ɓangaren duniya da gangan ake neman wannan ƙibar. Ƙwararrun 'yan wasan Counter-Strike da yawa suna sa 1280 sau 960, su umarci katin hoto ya ja shi ya cika faffaɗar monita, domin abokin gaba ya yi faɗi a ido. A wasan Fortnite abin ya yi yawa har kamfanin Epic ya hana shi a gasa a 2019. Su ne kuma suka fi yin gardama a kan wa ya fi sauri, kati ko monita. A monitar kwamfuta bambancin bai taka kara ya karya ba. A talabijin ne guntun ke iya jinkirta hoto har ɗan wasan FIFA ya ji maɓalli na yi masa nauyi, shi ya sa aka yi mata saitin gem.

Kamfanonin sun ɗan motsa a shekarun baya. A 2019 Intel da Nvidia da AMD duk suka ƙara miƙewa da cikakkiyar lamba, inda kowane ɗigo ke zama huɗu ko tara cif, ba gauraye. Hoton 1920 sau 1080 yana hawa fuskar 3840 sau 2160 sau biyu daidai, na 1280 sau 720 kuma sau uku, alhali 720 a kan 1080 ɗaya da rabi ne, dole a yi ƙari. Sai kuma DLSS na Nvidia da FSR na AMD, wanda ya fito a 2021, masu ƙoƙarin cike ɗigon da babu ta hanyar hasashe. Wasu daga cikin waɗannan suna bukatar katin da kuɗinsa ya fi na duk kayan shago ɗaya a Dalijan, ga kuma wutar da zai sha a wurin da janareta da sola ke riƙe da aiki. Ba su ne maganin yau ba.

Na yau ya fi sauƙi. A duba lambar monita a bayanta a san awonta na gado. A sa direban katin hoto na gaskiya. Idan VGA ce, a danna maɓallin Auto da ke jikin monitar, domin hoton VGA ba a ƙirge yake zuwa ba, sai monitar ta daidaita bugunta da na kwamfuta kafin kowane ɗigo ya faɗa gidansa. Mai tsara kati kuma yana da gwajin da ba ya bukatar intanet: ya zana murabba'i a CorelDRAW, ya ɗora rula a kan gilashi, ya auna tsaye da kwance.

Wani sabon ayarin kaya yana tafe. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma kwamfutoci masu yawa da ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba suna barin ofisoshin Turai da Amurka. Da yawansu ba su da ramin VGA, sai HDMI da DisplayPort, ko ma USB-C kaɗai a ƙananan laftof. Monitocin da za su tarar a shagunan Gwandu da Kalgo kuwa, da yawa VGA kawai suka sani, wasu ma masu siffar biyar bisa huɗu ne. Tsakaninsu sai an sa na'urar juyi, kuma ingancin wannan 'yar na'urar ne zai yanke ko bayit 128 ɗin nan za su isa inda aka aike su.